Kofin Matar Di'o

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin wata Asabar ba, ko da tsufa zai sa in riƙa rikita sunayen 'ya'yana. Amma kafin in kai ku can, bari in fara da abin da ya riga ya hana ni sukuni, don ku san da damuwata na faɗa cikin wannan abin kunya, ba haka kawai na tashi na zubar da mutuncina ba.

Wata biyu kafin ranar, ina da tsohon ciki, na leƙa banɗaki na tarar da 'yata Hanan, mai shekara shida, tsugune gaban bokiti tana dirzar hannunta da soson ƙarfe. Soson da nake kankare gindin tukunya da shi fa. Fatar har ta saɓule a wuri ɗaya. Na fizge soson na ce, "Ke, lafiyarki kuwa?" Ta ɗago ta dube ni, ba kuka ba dariya, ta tambaye ni da Larabci (a nan Riyad aka haife ta, Hausa sai ta ga dama take yi):

"Mama, yaushe zai fita?"

"Mene ne zai fita?"

"Baƙin."

Tambaya ɗaya ke yawo a kaina: wane mara tsoron Allah ne ya koya wa yarinyata cewa fatarta datti ce?

Washegari na zura abaya na nufi raudarsu, makarantar ƙananan yara da ke bayan layinmu, da Larabcina mai ɗingishi. Na tsaya gaban malamar na zazzage mata duk kalmomin da na sani, har da na cinikin tumatir da na koya a kasuwar Batha. Baiwar Allah ta rantse ba ta taɓa jin wani yaro ya zagi Hanan ba. Na ce a raina, ai da ma ba za ki faɗa ba. Na dawo gida na kashe talabijin, na ce 'yan tsanan nan masu gashi kamar gemun masara su ne suka lalata ta. Na hana ta wasa da yaran benenmu. Mai baƙala, ɗan kantin layinmu, da ke ba ta alewa ma na daina yi masa fara'a.

Kuma ina da hujjata. Duk baƙar macen da ta zauna a garin nan ta san abin da nake nufi. Ki shiga asibiti da ɗan da kika yi naƙudarsa da kanki, wata ta dube ki sama da ƙasa ta ce, "Ina madam ɗinki?" Ki tsaya a kanti kina zaɓen kaya, wata ta miƙo miki jakarta ki riƙe mata, don a idonta duk baƙa shagala ce, wato 'yar aiki. Ni kuwa abin yana ƙona ni. Kullum Abban Hanan ya dawo daga aiki sai na tare shi da huɗuba kan jahilcin masu auna mutum da fatarsa. Ya yi ta cin abincinsa yana gyaɗa kai. A taƙaice, na zargi kowa a unguwarmu ta Ud, saura kaɗan in haɗa da mai gadin maƙabarta. Mutum ɗaya tak ban zarga ba.

To yanzu sai kofi.

A falonmu akwai ɗan kabad mai gilashi, a cikinsa akwai kofin tangaran guda ɗaya da ɗan farantinsa. Fari ne, mai furanni shuɗaye, da zaren ruwan zinare a baki wanda rabinsa ya goge. Kakata Iya, wadda ta rene ni a Zariya, ita ta sa mini shi cikin kayan aurena. Mijinta, kakana Audu Kuku, ya yi wa wani Di'o, Baturen mulki, girki a zamanin Turawa. Ban san shi ba, ya rasu kafin a haife ni. Abin da Iya ta gaya mini shi ne matar Di'o da hannunta ta ba shi kofin, don ta yaba da tsabtarsa.

Iya in ta fara labarin barikin Turawa har lumshe ido take yi. Wai mutum bai isa ya doshi gidan da takalmi a ƙafa ba, tun daga bakin shinge ake cirewa a riƙe a hannu. Wai in Di'o ya fito, tsoho mai furfura zai zube ƙasa yana "Zaki! Zaki!" shi kuwa ko kallo. Wai ma'aikata ta ƙofar baya suke shiga, kuma kowa da gwangwanin madararsa rataye a ƙusa bayan kicin, da shi yake shan ruwa. Kada ku zaci da haushi take faɗa. Da sha'awa take faɗa, kamar mai ba da labarin aikin Hajji. Ta kan rufe da cewa, "Turawa tsari gare su, 'yar nan. Allah ne ya ɗora su a sama." Sai ta nuna kofin da haɓa: "Wannan tun da yake, bakin baƙar fata bai taɓa hawa kansa ba. Kada ki zama ta farko."

Ni da karatuna ya tsaya a aji shida, wace ce ni da zan ja da Iya? Ranar da zan biyo mijina, a cinyata kofin ya hau jirgi, naɗe cikin zani biyu. Duk Juma'a sai na fito da shi na goge, na mayar, na kulle. Sau da yawa Hanan kan miƙa hannu, in ɗan buge hannun in faɗa mata abin da aka faɗa mini. Bakina ne kawai ke yi, kamar yadda ake ce wa yaro wuta tana ƙuna. (Na san wasunku sun riga sun hango inda aka dosa. Ku yi mini shiru. Ni a lokacin ina can ina faɗa da talabijin.)

Allah ya sauke ni lafiya, na haifi Abdallah. Muna da sati uku Abban Hanan ya shigo da labari. Shi direba ne a wani asibiti mai zaman kansa a Malaz, yana ɗaukar ma'aikata daga gida zuwa aiki. Ya ce wata likitar yara da yake tuƙawa kullum, 'yar Ingila, ta ce za ta zo mini barka ranar Asabar bayan la'asar.

"'Yar Ingila? A ɗakin nan?"

"Eh. Duktura mutumiyar kirki ce. Kada ki wahalar da kanki, shayi ya isa."

Kada in wahalar da kaina! Ni da na yi shekaru ina goge kofi ina jiran bakin da ya cancanta? Jama'a, da ɗanyen jego na durƙusa na wanke falo sau biyu. Na kwashe daddawa da kuka da busasshen kifi na ɗaure a leda uku na kai saman bene, kamar kayan sata. Tukunyar kunun kanwata na tura ƙarƙashin gado. Na turara gidan har jaririn ya fara atishawa. Na tsaya gaban madubi ina gwada "walkam, madam" da murya iri-iri.

Maƙwabciyata Maman Sadiya, 'yar Maradi, ita na aro kujera mai hannu a wajenta, don mu a kafet muke zama. Ta kawo kujerar ta tsaya tana kallona ina fito da kofin da hannu biyu.

"Wanga shi ne kofin da ko ke ba ki sha da shi?"

"Ba namu ba ne, Maman Sadiya. Na manya ne."

"Ikon Allah. Mu namu Turawan na Faransa ko cokali ba su bar muna ba. Ashe gata suka yi muna."

Na ce hassada ce. Na roƙe ta ta zauna ta taya ni karɓar baƙuwa, don Larabcinta ya fi nawa. Da na san shaida nake ɗaukar wa kaina, da na bar ta ta tafi.

Akwai abu guda da har yanzu in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Da na shirya Hanan, na sa mata rigarta ta Sallah, sai na ɗauko hodata mai haske na shafe mata fuska. Yarinyar da na kama da soson ƙarfe. Ta dubi madubi ta yi murmushi, ni ma na yi, wai ni uwa mai gyara 'ya.

Ana idar da la'asar na ji sallamar Abban Hanan a ƙofa. Ya ce, "Ga baƙinki nan," ya juya ya sauka wajen abokansa a ƙofar masallaci, tun da zaman mata ne. Na buɗe. Mata biyu ne, duka cikin abaya. Ta gaba Baturiya ce sosai, doguwa, hancin nan ja saboda zafi, ta tattare abayarta da hannu biyu kamar mai tsallake kwata. Ta bayan baƙa ce wuluk, ta fi ni baƙi, gajeriya, mai ɗan jiki, da gilashi a ido, ta rungumo ledoji uku har da katon ɗin kunzugun jarirai.

To ku gaya mini, mai hankali irina me zai gani? Madam da shagalarta.

Na zube. Wallahi gwiwa biyu na kai ƙasa gaban Baturiyar, ɗinkin jego yana ja na, ina "walkam madam, walkam." Kalmar "Zaki" ta zo mini har bakin haƙori na haɗiye ta. Matar ta ruɗe, ita ma ta fara ƙoƙarin durƙusawa, ta zaci gaisuwarmu ce haka. Na kama hannunta na kai ta kan kujerar aro, na juyo mata da fanka, na ɗora mata Abdallah a cinya. Ta bayan kuwa na nuna mata lungun ƙofa da yatsa, na ce da Larabci, "Ajiye nan."

Ta ajiye. Ta yi mini barka da Larabci mai kyau, a hankali yadda zan gane. Na amsa mata sama-sama. Sai na tuna yadda na ga ana yi a gidajen garin nan, shagalar baƙuwa kicin take wucewa ta kama aiki. Na yafito ta: "Zo ki taya ni ɗauko shayi."

Ta ɗan tsaya, ta dube ni ta saman gilashinta. Sai ta yi wani ɗan murmushi ta biyo ni.

A kicin na sake da ita, ai 'yar'uwa ce. Na miƙa mata wuƙa ta yanka kek. Na rage murya na ce, "Madam ɗinki tana da kirki?"

"Ba laifi," in ji ta. "Tana ƙoƙari."

"Tana ba ki hutu?"

"Hutu kam ba na samu sosai."

Na dafa kafaɗarta, har da ajiyar zuciya. Na ce, "Sai haƙuri, 'yar'uwa. Mu haka Allah ya yi mu." (Ku dai lura da mai maganar. Mai huɗubar nan ce ta kullum.) Na ɗora mata tire a hannu, na sa ta a gaba muka fito.

A tiren akwai butar shayi, da kofin Iya a kan farantinsa yana ƙyalli, da kofunan roba uku, irin masu launi da yara ke shan ruwa da su. Ta durƙusa ta ajiye a tsakiyar kafet, ta zauna kusa da Maman Sadiya. Sai idonta ya faɗa kan kofin. Ta ce, "Kai, wannan tsoho ne, ya yi kyau," ta kai hannu ta ɗaga shi tana duba gindinsa.

Kafin in buɗe baki, Hanan ta riga ni.

Ta taso da gudu da fuskarta fari fat da hoda, ta riƙe hannun matar, ta ce da Larabcinta tas, wanda duk falon ya ji, da irin muryar da nake yi mata, har da ɗaga yatsa irin nawa:

"La, la, ajiye! Wannan na fararen mutane ne. Mama ta ce bakin baƙi ba ya taɓa shi, zai ɓata shi. Ke baƙa ce irinmu. Ga namu nan." Ta ɗauko koren kofin roba ta danƙa mata, ta ƙara da lallashi, "Ni ma da shi nake sha. In na yi fari zan sha da wancan."

Maman Sadiya ta ja gefen mayafinta ta toshe baki, ban sani ba dariya ce ko salati. Ni kuwa na ji maganar Iya, kalma bayan kalma, ta fito daga bakin 'yar shekara shida da Larabci, kuma a karon farko a rayuwata na ji yadda take. Muni gare ta, jama'a. Muni kamar a buɗe masai a tsakar falo.

Baturiyar, da ba ta jin Larabci (ashe watanta biyu kacal a ƙasar, shi ya sa abaya ke harɗe ta), ta ga fuskoki sun canza. Ta sunkuyo daga kan kujera ta tambayi baƙar wani abu da Turanci. Ban iya Turanci ba, amma kalma ɗaya na tsinta, kuma ta ishe ni. Ta kira ta "Dakta."

Na dubi wannan, na dubi waccan. Na ce da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba, "Wace ce Duktura?"

Mai koren kofin roba ta ɗaga yatsa ɗaya.

Wadda na sa ta yanka kek. Wadda na tambaya ko ana ba ta hutu. Ita ce likitar, a Ingila aka haife ta, shekararta tara tana aiki a nan. Wadda na durƙusa wa kuwa sabuwar nas ce da ke aiki a ƙarƙashinta, ta ɗauko ta ne kawai don ta ga gari. Da Duktura ta fassara mata abin da Hanan ta ce, fuskarta ta koma kamar jan tattasai. Ta zamo daga kujerar da jaririna a hannu ta zauna a ƙasa. Kujerar aro ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar falo, ba mai kallonta.

Na so ƙasa ta tsage, amma a hawa na uku muke. Na fara haɗa haƙuri da Larabci da Hausa da "sori", ina ƙoƙarin ƙwace kofin robar in ba ta na tangaran. Ta riƙe abinta gam. Ta ce, "Bar shi, Ummu Hanan. Zuba mini a nan." Da kofin roba ta sha shayina, kurɓi bayan kurɓi, ba gaggawa. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Sai ta jawo Hanan jikinta. Ta sa babban yatsa ta goge hodar daga kumatunta, ta dubi yatsan. Ta juya hannun yarinyar, idon likita, ta ga tabon da soso ya bari.

"Me ya same ki a nan, habibti?"

"Wankewa na yi," in ji Hanan. "Bai fita ba."

Duktura ta daɗe tana kallon tabon. Sannan ta ɗago ta dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na san yadda zan yi da ita. Ta ce a hankali, don kada kalma ɗaya ta wuce ni, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne, Ummu Hanan. Na gida ne."

Ban san yadda sauran zaman ya ƙare ba. Na dai san ta duba cibiyar Abdallah ta ce lafiya lau, ta yi mini faɗa kan wanke falo da ɗanyen jego, suka tafi. Ƙofa na rufuwa Maman Sadiya ta kwanta a kafet tana dariya har da hawaye. "Walkam madam! Wayyo cikina! Ke da kika je kika tada ma malamar rauda hankali, ashe ɓarawon yana cikin ɗakinki yana goge kofi!"

Da Abban Hanan ya dawo daga mayar da su na tare shi da borin kunya. "Me ya sa ba ka gaya mini baƙa ce ba?"

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. "Kin tambaye ni? Ce miki na yi likita ce, 'yar Ingila. Wanne ne ƙarya a ciki?" Ya zauna, ya ƙara da cewa, "Duk hanya ba ta ce mini komai ba. Sai da za ta sauka ta ce in gaishe da madam ɗin gidan."

Washegari da hantsi na kira Gwaggo Ladi a Zariya, babbar 'yar kakana, don Iya ta riga mu gidan gaskiya. So nake wani ya ce mini ba laifina ba ne. Na fara ba ta labari, ina zuwa wajen "kyautar matar Di'o" ta katse ni.

"Kyauta? Wa ya ce miki kyauta?"

"Iya."

Gwaggo ta yi tsaki mai tsawo, har wayar ta yi ƙara. "Allah ya jiƙan Iya, amma ta cuce ki. Saurara, 'yar nan. A bola Baba ya tsinto kofin nan."

Ga yadda abin ya faru. Wata rana da bazara kakana yana fama da zazzaɓi, yana wanke-wanke, ƙishi ya kama shi, gwangwaninsa yana can waje a ƙusa. Sai ya tari ruwa da kofin da ke hannunsa ya sha. Matar Di'o ta hango shi ta taga. Ba ta yi ihu ba. Ta zo ta ɗauki kofin da hankici, da yatsa biyu kamar mai ɗaukar mushen ɓera, ta ba mai shara ta ce ya kai bola, har da farantin. Da yamma Di'o ya kira kakana, ya tsayar da shi ba takalmi, ya yi masa nasiha da Hausa. Ya ce shi bai yi fushi ba, don ba laifin Audu ba ne, halin jinsinsa ne. Wai mutane hawa-hawa suke kamar tsani, su a sama, masu ɗan haske a cikinmu na biye, sauran mu a can ƙasa. Wai mu yara ne manya-manya, shi ya sa suka bar ƙasarsu mai sanyi suka ƙetaro teku don su rene mu. (Ku ji fa. Mutumin da bai iya dafa wa kansa ƙwai ba shi ne ya zo renon mai dafa masa.)

"Baba ya ce to, ranka ya daɗe," in ji Gwaggo. "Da ya tashi aiki ya bi ta bola ya ɗauko abinsa. Daga ranar har ya koma ga Allah, da shi yake shan koko kullum da safe, a ƙofar zaure, inda kowa zai gani. In ya ga dama ya ba mu mu ma mu kurɓa. Ni nan na sha da shi ya fi a ƙirga. Yana cewa, ku sha, ai mun riga mun ɓata shi."

"To Iya fa?"

"Iya kunyar zancen bola take ji. Baba na rasuwa ta wanke shi da toka, ta kulle, ta yi masa sabon labari. Mu muka ƙyale ta, tsohuwa ce. Ina muka san akwai sakaryar da za ta ɗauke shi har ƙasa mai tsarki tana yi masa hidima?"

Sakaryar ta yi godiya ta kashe waya.

Na daɗe zaune ina kallon kabad ɗin. Mutanen nan sun kwashe kayansu sun koma tun kafin a haifi uwata. Di'o ya mutu, matarsa ta mutu, gidan nasu ma na ji an ce ya zama ofis. Amma dokar kicin ɗinsu tana nan da ranta a hawa na uku a unguwar Ud, kuma ni ce 'yar sandan da ke tsaron ta, kyauta, ba ko albashi. Kakana ya sha koko da kofin don ya nuna musu shi mutum ne. Jikarsa ta kulle shi don ta nuna wa 'yarta ita ba mutum ba ce.

Da Hanan ta dawo daga rauda na haɗa shayi da madara, na zuba a kofin, na ɗora a farantinsa, na ajiye a gabanta. Ta ja da baya ta ɓoye hannuwanta.

"Mama, ba namu ba ne."

"Namu ne. Na kakana ne, kuma ya fi ki baƙi. Ni ce na yi miki ƙarya."

Ta ƙi. Sai na ɗauka na fara kurɓa a gabanta, wallahi kamar Iya za ta leƙo ta taga. (Shayi ne kawai. Shekara da shekaru ina zaton wani ɗanɗano na daban zan ji.) Na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta sha kaɗan, ta yi sauri ta juya kofin tana duba inda leɓenta ya taɓa. Ta shafa wurin da yatsa. Ta ɗago da mamaki.

"Bai ɓaci ba."

Na ce, "Bai ɓaci ba." Na shige kicin na yi kukan da ban yi ba gaban baƙi.

Ba zan ce muku komai ya gyaru ba. Abin da na shekara shida ina ɗura wa yarinya ba zai fita da shayi kofi ɗaya ba. Soson ƙarfe har yanzu a saman kabad nake ajiye shi. Hodar na zubar. Malamar rauda na je na ba ta haƙuri, ba ta ma gane haƙurin me nake ba ta ba. Masu ce mini shagala a kanti suna nan ba su fasa ba, ni ma ban fasa jin haushinsu ba, sai dai huɗubata ta ragu, don duk na ɗauko ta sai Abban Hanan ya ce, "Madam ɗinki tana ba ki hutu?" Kofin kuwa yanzu a kwandon wanke-wanke yake kwana tare da na roba. Hannunsa ya guntule a watan jiya, Hanan ce ta yar da shi, kuma ban ce mata ko kanzil ba. Abin da na koya dai shi ne, in za ki fita neman wanda ya ɓata miki ɗa, ki fara tsayawa ki saurari muryar da yake kwaikwayo.

Roƙona gare ku ɗaya ne, musamman iyaye mata. Ku buɗe kabad ɗinku yau. Duk abin da kuka ajiye kuka ce ya fi ƙarfin bakin 'ya'yanku, ku tambayi tsofaffin gidanku daga ina ya fito, sannan ku sauko da shi ku zuba wa yaran su sha.